Madubi Ɗaya Ba Ya Nuna Ƙeya

Bismillahir Rahmanir Rahim.


'Yan'uwa, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. A daure a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, domin rabin farko zai yi wa da yawa daga cikinmu daɗi, rabin ƙarshe kuwa ba lalle ba ne.

Kwanakin baya, bayan mun idar da sallar isha'i, wani yaro cikin matasan masallacinmu ya tsaya har kowa ya watse. Bana ya shiga jami'a, ɓangaren koyon aikin malanta. Cikin darussan da aka wajabta musu a shekarar farko akwai gabatarwa ga ilimin halayyar ɗan Adam, wanda Larabawa ke kira ilmun nafs. Ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Allah gafarta Malam, a duba mini wannan. An ce wai ban san kaina ba."

Abin da ya faru shi ne, malaminsu ya sa kowa ya rubuta layi ashirin, kowane layi amsa ce ga tambaya ɗaya: wane ne ni? Yaron nan ya rubuta cewa shi Musulmi ne, ɗan wane ne, jikan wane, yayan yara shida, ɗan unguwa kaza, almajirin malam wane. Wata ɗaliba da ta yi makarantar kuɗi a babban birni ta rubuta cewa ita mai saurin fushi ce, mai son zane, mai burin kafa kamfaninta, ba ta son a matsa mata. Malamin ya karanta nata a gaban aji ya yaba, ya ce wannan shi ne sanin kai. Da ya zo kan na yaron sai ya yi dariya, ya ce wannan ai adireshi ne. Aji ya kwashe da dariya.

Na ce masa ya bar mini takardar, ya dawo jibi. Na ƙi ba shi amsa a take ne saboda abin ya taɓo mini wani tsohon miki.

Lokacin da nake karatu a Masar, fannina shari'a ne da Larabci, amma mu ma mun zauna wannan darasi. Littafin da Larabci yake, malamin Balarabe ne, sai dai mutanen da ke cikin littafin duk daga wani wuri suke: Freud na Ostiriya da marasa lafiyarsa, Pavlov na Rasha da karnukansa, Piaget na Suwizalan da yaran da ya lura da su har da 'ya'yansa uku, Maslow na Amurka da matakalar buƙatunsa. Kuma littafin ba ya cewa "yaron Suwizalan yana yin kaza". Cewa yake yi "yaro yana yin kaza", shi ke nan, kamar an gama da duk yaran duniya.

Ranar jarrabawar baka, na zauna gaban malamin na sunkuyar da kai kamar yadda mahaifina ya koya mini zama gaban manya. Sai ya ce in ɗago in dube shi, wai wanda ba ya haɗa ido ko dai yana ɓoye wani abu ne ko kuma bai yarda da kansa ba. Wallahi na fito raina a ɓace. Mafi girman ladabin da na iya, shi aka karanta a matsayin cuta. To amma ga abin da ban lura da shi ba sai bayan shekaru: a wannan makon dai, ina zaune da wani abokina ɗan Najeriya ina ce masa yaran ƙasar nan ba su da tarbiyya, dubi yadda suke ɗaga murya suna musu da malami, ido cikin ido. Kuskuren da malamin ya yi a kaina, shi na yi a kan ɗalibansa. Ya auna ni da mudun garinsu, na auna su da mudun garinmu, kuma kowannenmu yana ganin mudunsa shi ne mudun duniya.

Tambayar da nake so mu tattauna ke nan. Shin mutum zai iya sanin kansa alhali bai taɓa ganin wanda ya saɓa masa ba? Kuma malamin da ke tsaye gaban ɗaliban shekarar farko yana koya musu "halin ɗan Adam", wane ɗan Adam yake nufi?

Su kansu masu fannin sun yi wa kansu wannan tambaya, kuma a yaba musu a kan haka. A shekarar 2008 wani masani Ba'amurke, Jeffrey Arnett, ya bi manyan mujallun bincike guda shida na wannan fanni, na shekarun 2003 zuwa 2007, yana ƙirga daga ina mutanen da ake gwaji da su suka fito. Ya tarar kashi 68 cikin ɗari daga Amurka kaɗai suke. In aka haɗa da sauran ƙasashen Yamma masu masana'antu, lissafin ya kai kashi 96 cikin ɗari, alhali waɗannan ƙasashe kashi 12 cikin ɗari ne kacal na mutanen duniya. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi ɗaya ba. A 2010 wasu masana uku a Kanada, Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan, suka ƙara da cewa matsalar ta wuce ƙarancin adadi: a abubuwa da dama da aka gwada, waɗannan mutanen da aka fi yin bincike a kansu su ne ma suka fi fita daban da sauran jama'ar duniya.

Wani abin da zai ba ku mamaki: su wane ne ake yin gwajin da su a can? Kaso mai yawa ɗaliban irin wannan darasi ne na gabatarwa. A jami'o'in Amurka da yawa, wanda ya ɗauki darasin ana neman ya ba da kansa a yi bincike da shi, a saka masa da maki. Ka ga ke nan, ɗan shekara goma sha tara a can ya cike takarda don ya samu maki, amsarsa ta shiga mujalla, daga mujalla ta shiga littafi da sunan halin ɗan Adam, littafin ya tsallako teku, yaron masallacinmu ya auna kansa da shi ya ga bai cika mudu ba.

Shi kansa gwajin layi ashirin ɗin, wasu masana biyu a Amurka, Kuhn da McPartland, suka fito da shi a 1954. A 1997 an wallafa wani bincike da aka yi da shi a Kenya. Makiyayan Masai da Samburu mafi yawan amsoshinsu a kan dangantaka suke: ɗan wane, uban wane, ɗan dangi kaza. Ɗaliban Amurka kuwa a kan halayensu da abin da suke so. Su kuma ɗaliban jami'a a Nairobi, 'yan Kenya ne fa, amsoshinsu sun fi kama da na Amurkawa. Wato malamin yaron nan ya ɗauko gwajin, ya baro darasin da ke cikinsa. Takardu biyun da ya karanta a aji, hanyoyi biyu ne da mutane ke bi wajen bayyana kansu, kuma an daɗe da sanin haka a fannin. Da ya ajiye su kusa da juna ya tambayi aji me ya kawo bambancin, da ya koyar da darasin da ba za su manta ba. Sai ya mayar da ɗaya gwani, ɗaya abin dariya.

Akwai labarin da nake so ƙwarai daga Laberiya. A shekarun 1960, Michael Cole da John Gay da Joseph Glick sun yi aiki cikin manoman ƙabilar Kpelle. Aka zube musu kaya guda ashirin, akwai abinci, kayan aiki, tufafi, da kayan girki, aka ce su ware su kashi-kashi. Abin da mai gwaji yake jira shi ne abinci gefe guda, kayan aiki gefe guda, don a littafi wannan ne alamar tunani mai zurfi. Su kuwa sai su haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, su ce mai hankali haka zai yi, tunda da wuƙa ake yanka lemo. Da abin ya ishi Glick sai ya tambaya: to wawa fa, yaya zai yi? Nan take aka ware masa abinci gefe guda, kayan aiki gefe guda, daidai yadda littafi yake so. Da bai yi wannan tambaya ta ƙarshe ba, da an rubuta cewa mutanen nan ba su iya rarrabe abubuwa ba, kuma da wataƙila jikokinsu sun haddace hakan don cin jarrabawa.

Na san a nan wasu sun fara gyara zama, ana cewa, "Ai dama mun faɗa, ilimin Turawa ne, a watsar." To a dakata, yanzu ne za mu shiga rabi na biyu.

Akwai wani sanannen gwaji da Walter Mischel ya fara a jami'ar Stanford wajen ƙarshen shekarun 1960. A ajiye wa yaro alewa ɗaya, a ce in ya jira har babba ya dawo za a ba shi biyu, sai a fita a bar shi. A 2017 Bettina Lamm da abokan aikinta daga Jamus suka fitar da sakamakon wannan gwaji da suka yi da yara 'yan shekara huɗu: 'ya'yan masu matsakaicin hali a Jamus, da 'ya'yan manoman ƙabilar Nso a arewa maso yammacin Kamaru. Yaran Kamaru fanke aka ajiye musu. Kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran Nso suka jira minti goma cif, wasu ma har barci ya ɗauke su. Yaran Jamus kashi 28 ne suka iya.

Ranar da na fara karanta wannan, na ji daɗi har cikin raina. Na ce kun gani ko, tarbiyyarmu ta Afirka. Daga baya na tambayi kaina: me ya sa lokacin da sakamako ya nuna mun gaza na ce a binciki mudun, amma da ya nuna mun yi fice ban ce a bincika ba? Yaron da ya zauna shiru gaban fanke, haƙuri ne ya zaunar da shi, ko biyayya ga babban da ya ce ya jira, ko tsoro, ko duka a cakuɗe? Masu binciken sun danganta abin da irin renon da ke fifita biyayya da danne abin da ke cikin rai. Wannan reno yana da amfaninsa, kuma yana da farashinsa, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san duka biyun. Mutumin da ke binciken mudu sai in an ƙware shi kawai, ba adalci yake nema ba, riba yake nema.

Bari in ba ku nawa laifin, don kada ya zama ina ta nuna na wasu. Hausawa sun ce laifi tudu ne.

Shekaru kaɗan bayan na dawo gida na fara limanci, aka kawo mini sulhun wani aure. Matar 'yar Hausawa ce, amma a Sudan aka haife ta, can ta girma. Ƙorafin uwar miji shi ne yarinyar ba ta da kunya: tana kiran sunan ɗanta na fari gatsal, tana ɗaukarsa tana sumbatarsa a gaban surukai, har abinci tana ci a gabansu. Maganar ta yi tsami har yarinyar ta koma gidan wani kawunta, wata biyu tana can. Ni kuwa da na ji ƙorafin, jikina ma ya ba ni cewa Hajiya ce da gaskiya, don ni ma ɗan fari ne, kuma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Sai na buɗe baki na fara wa'azi a kan kunya da matsayinta a addini, ina kawo dalilai, ita kuma tana bayan labule tana saurare.

Da na gama sai ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ɗaliba ce, a ƙara mini ilimi. Wannan kunyar da aka ce ba ni da ita, ta addini ce ko ta gari? In ta addini ce, na tuba yanzu. In ta gari ce, a koya mini, zan yi saboda Hajiya. Amma kada a ce ba ni da tarbiyya. Uwata ta yi mini tarbiyya."

Wallahi 'yan'uwa, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Nan take na tuna labarin Aƙra'u bin Habis, wanda ya ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana sumbatar jikansa Hasan, ya yi mamaki, ya faɗi cewa shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da aka ba shi kowane ɗalibi ya san ta, a kan rahama take. Na karanta wannan a Bukhari, na ci jarrabawa a kansa, na karantar da shi. Amma ranar da aka kawo mini shi a cikin zane da mayafi, ban gane shi ba. Na ɗauki al'adar gidanmu na naɗa mata rawani, kuma saura ƙiris in raba uwa da gidan mijinta da wannan rawani.

Na ba ta haƙuri a gaban kowa. Na gaya wa Hajiya cewa abin da take nema al'ada ce mai kyau da za a iya roƙa, amma ba hukuncin Allah ba ne da za a tilasta. Auren yana nan, alhamdu lillahi. Hajiya kuwa ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Kunyar ɗan fari ba shirme ba ce. Yarinya ce ke ƙanƙan da kai gaban waɗanda suka haifi mijinta, tana buɗe wa kaka fili ta ja jikanta a jiki har ta riƙa kiransa mijinta, tana nuna cewa ɗa na gida ne gaba ɗaya. Akwai hikima a ciki. Akwai kuma 'ya'yan fari da suka girma ba su taɓa jin kalma mai taushi daga bakin uwa ba, abin yana cin su har tsufa. Ni da na tashi a ciki ban ga ko ɗaya daga cikin biyun ba, don a wajena haka duniya take. Sai da wadda ta tashi a waje ta tsaya a gabana sannan na ga al'adar a matsayin al'ada. In ka je shagon aski, madubin da ke gabanka fuskarka kawai yake nuna maka. Sai mai aski ya ɗauko na biyu ya riƙe ta baya kafin ka ga ƙeyarka. Ƙeyar taka ce, kullum kana tare da ita, kowa a gari ya san ta, kai kaɗai ne ba ka taɓa ganinta ba.

Kuma yawan karatu ko yawan tafiya ba sa warkar da wannan da kansu. Ibn Battuta alƙali ne, ya zaga daga Maroko har Indiya da Sin. A 1352 ya tsallaka Sahara ya isa Walata, a ƙasar Muritaniya ta yau, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Mali. Aka karɓe su da dakakken gero da aka dama da nono da 'yar zuma a cikin ƙwarya. Mu dai mun san sunan wannan abu. Shi kuwa ya raina liyafar, ya yanke wa mutanen hukunci a kanta, har ya yi tunanin juyawa. Allah Ya sa bai juya ba, ya ƙarasa wajen Mansa Sulaiman, daga baya ya rubuta yabo a kan tsaron ƙasar, da ƙin zaluncinsu, da cikar masallatansu, da yadda suke dagewa 'ya'yansu su haddace Alƙur'ani. In mutum irin wannan zai iya auna al'umma guda da ƙwaryar fura, ni da kai fa?

Malaman fiƙihu sun san wannan haɗari tun da daɗewa. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya a Masar, wanda ya rasu shekara ta 684 bayan hijira, ya ja kunnen mai ba da fatawa cewa in mutum ya zo masa daga wata ƙasa, ya fara tambayarsa al'adar ƙasarsu a kan abin da ya shafi al'ada, kada ya ɗora masa ta garinsa. Abin da masana halayya suka farga da shi a kan littattafansu, irinsa ne aka gargaɗi mufti a kai. Ni kuwa na karanta gargaɗin, na zo na faɗa ramin.

Yanzu ga tambaya mai nauyi, kuma na san masu hankali cikinku sun riga sun yi ta. In aka koya wa ɗalibi cewa kowa da mudunsa, ba za a wayi gari ya ce babu daidai babu kuskure ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi? Wannan tsoro yana da tushe, don akwai masu koyar da abin haka. Amma fahimtar dalilin da ya sa mutum yake yin abu daban, yarda da abin daban. Likita yana binciken yadda cuta ke yaɗuwa, ba ya nufin yana sonta. Al'adar da ke aurar da yarinya ga wanda take kuka ba ta so, ko ta bar ƙaramin yaro yana yawo da kwano ba takalmi, cewa "al'adarmu ce" ba ya wanke ta. Haka al'adar da ke barin tsoho ya mutu shi kaɗai a ɗaki ba wanda ya sani sai bayan kwanaki, cewa "ci gaba ne" ba ya wanke ta. Ma'auni yana nan. Abin da darasin bambancin al'adu yake yi shi ne ya nuna maka cewa yatsanka yana kan sikeli, don ka ɗauke shi. Wanda bai san yatsansa yana kai ba, zai rantse da Allah cewa awonsa daidai ne, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba.

Masu cewa a watsar da fannin gaba ɗaya kuwa, ina ba su misali da Farfesa Malik Badri, Allah Ya ji ƙansa. An haife shi a Rufa'a ta Sudan a 1932, ya yi karatu a Beirut da Ingila, ya rasu a Malesiya a 2021. A 1979 ya fitar da littafi a kan tsaka-mai-wuyar da masana halayya Musulmi suke ciki, ya soki masu kwafo komai ido rufe, musamman ra'ayoyin Freud. Amma bai bar fannin ba. Ya ci gaba da koyarwa da duba marasa lafiya, yana rarrabe abin da gwaji ya tabbatar da abin da falsafar mai littafi ce kawai. Shi ne kuma ya fassara wa duniya sashen kula da rai na littafin Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan hijira, wanda tun a wancan zamani ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Mu da har yau muke ce wa mai ciwon damuwa imaninsa ne ya yi rauni, muna da abin koyo ta ɓangarorin biyu.

Don haka ga roƙona ga malaman da ke koyar da wannan darasi a jami'o'i da kwalejojin ilimi da makarantun koyon jinya.

Na farko, duk binciken da za ka kawo, ka gaya wa ɗalibai da su wa aka yi shi, a ina, a wace shekara. Jimla ɗaya ce, amma tana koya musu tambayar da za ta yi musu amfani har ƙarshen rayuwa.

Na biyu, kada a ware bambancin al'adu a babi na ƙarshe, wanda yajin aiki ko ƙurewar lokaci ke cinyewa. A sa shi cikin babin reno, da na tunani, da na ciwon ƙwaƙwalwa, don a can yake zaune.

Na uku, kada darasin ya koma jerin "Bahaushe haka yake, Bayarabe haka yake, Ibo haka yake". Wannan tsohuwar cutar ce aka sake wa riga. Ku tuna ɗaliban Nairobi da makiyayan Masai, ƙasa ɗaya, amsa daban. Kuma kada a tsayar da ɗalibi ɗaya a ce ya yi magana da yawun ƙabilarsa duka.

Na huɗu, malam ya fara da kansa. Ya gaya wa aji wani abu da ya taɓa ɗauka halin ɗan Adam ne, daga baya ya gane halin gidansu ne. Ɗalibi ba zai yarda ya duba ƙeyarsa a gaban malamin da ke nuna shi ba shi da ƙeya ba. Wannan na huɗun ya shafe mu mu ma masu hawa mumbari, wataƙila ma fiye da su.

Yaron ya dawo jibin kamar yadda muka yi. Na ce masa takardarsa ba adireshi ba ce, mutumin da ya san waɗanda yake ɗauke da haƙƙinsu ya san wani babban yanki na kansa, kuma akwai masu digiri uku da ba su san wannan ba. Fuskarsa ta washe. Sai na ba shi wata farar takarda, na ce yanzu rubuta mini wasu layukan, amma kada ka ambaci sunan kowa. Me kake tsoro? Me kake so? In ba mai ganinka, wane irin mutum ne kai?

Ya daɗe yana juya biro. Layi uku kawai ya iya. Ɗaya daga ciki ya ba ni izinin in faɗa: ba ya son aikin malanta, kawunsa ne ya cike masa takardar neman shiga, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, har kansa, sai yau. Ka ga ashe malamin nasu, duk da ya yi kuskure wajen dariya, akwai abin da ya hango. Ita ma waccan ɗalibar, da za a ce ta sake rubuta nata ta ambaci waɗanda suka biya mata kuɗin makaranta da waɗanda ke jiran ta gama, wataƙila ita ma za ta daɗe tana juya biro. Su biyun suna aji ɗaya, kowannensu yana riƙe da madubin da ɗayan yake buƙata.

Mun yi da shi zai sami mahaifinsa su yi magana, cikin ladabi, bayan jarrabawar zangon nan. Ban san yadda za ta kaya ba. Ku sa shi a addu'a.

Allah Ya nuna mana aibobinmu kafin mu shagala da na wasu, Ya ba mu adalci ga wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, kuma ƙofar gyara a buɗe take.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.